Ku fito wurin malaman jami'a, ko ba a raba taki

Da zarar mai unguwa ya yi shela cewa malaman jami'a za su zo gari, tambayar da manoma ke fara yi wa mu malaman gona ita ce: "Malam, za a raba taki?" In aka ce a'a, sai dandali ya watse. Jama'a, asara muke yi.

Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwan sama tun 2012, kuma ma'aikatanta kan fita ƙauyuka su kafa gonar gwaji. Abin da suke kawowa ilimi ne, wanda ake juya shi ya zama kuɗi.

Ga buhun PICS na ajiye wake. Daga aikin jami'a ya fito, Jami'ar Purdue ta Amurka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007. Ledoji biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya. Ba a sa magani ko kaɗan. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Amma sai an bi ƙa'ida. Wake ya bushe ƙarau, a sheƙe shi. A duba ledojin, domin huda ko ta allura ce ta ɓata aikin. A zura ɗaya cikin ɗaya, a zuba waken, a matse iskar ta fita, a murɗe bakin leda ta ciki, a lanƙwasa, a ɗaure tamau. Ta biyu ma haka, sannan buhun, kowanne da ɗaurinsa. A ɗora kan katako, nesa da bango saboda ɓera. Kuma don Allah a daina buɗewa kullum ana ɗibar na alala.

Wanda ya koyi wannan ba zai kai wakensa kasuwar Dawanau da kaka a saya a wulaƙance ba, zai jira ya yi daraja. Ya kuma huta da zuba fiya-fiya ko Sniper a abincin da 'ya'yansa za su ci. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Ranar da malaman jami'ar suka zo, ku bar mata ma su fito, su ne masu ajiyar gida. Wanda gonarsa ke da cuta ya tsinko ganyen ya zo da shi, a gani da ido.