Waiwaye: Horas da Malamai kan Cin Zali da Yadda Aka Bar Haziƙan Ɗalibai a Baya

A shekarar 1982 wasu yara maza uku a arewacin Norway suka kashe kansu bayan sun sha tsangwama daga 'yan makarantarsu. A 1983 gwamnati ta ƙaddamar da gangami a faɗin ƙasar, kuma daga nan tsarin yaƙi da cin zali na Dan Olweus, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya samu gindin zama. An gwada shi a makarantu 42 a birnin Bergen na Norway, cin zali ya ragu da kusan rabi. Olweus ya koya wa malamai alamomi uku: a cuci yaro da gangan, a yi ta maimaitawa, kuma wani ya fi wani ƙarfi. Finland ta biyo baya da shirin KiVa a 2009, wanda ya karkata ga 'yan kallo, masu dariya ko masu yin shiru.

Sai dai an tsara waɗannan ne domin ɗalibai baki ɗaya. An daɗe ana ganin mai hazaƙa ba ya cikin haɗari, tunda makinsa bai faɗi ba. Binciken Jean Peterson da Karen Ray na 2006 a Amurka ya rushe wannan zato. Cikin haziƙai 432 'yan aji takwas, kashi 67 cikin ɗari sun ce an taɓa cin zalinsu, kashi 28 kuma sun amsa cewa su ma sun ci zalin wasu. Da yawa ba su gaya wa kowa ba.

Nan ne horon gama-gari yake gazawa. Malamin da ke jiran faɗuwar maki zai makara, domin yaron na iya cin jarrabawa alhali yana cin abinci shi kaɗai. Abin lura shi ne ya daina ɗaga hannu, ko ya riƙa kuskure da gangan don a bar yi masa ba'a. Sau da yawa malamin ne ke hura wutar bai sani ba: karanta maki a bainar aji, cewa "ku yi koyi da wane", ko ɗora shi kan duba aikin sa'o'insa. Wajibi ne horo ya hana waɗannan.

Idan ƙara ta zo, a gana da kowane ɓangare daban, kada a zaunar da su wai a sasanta, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. A rubuta abin da ya faru, a ƙara sa ido lokacin tara, sannan a sake tambayar yaron bayan mako ɗaya zuwa biyu ko an daina.