Gano Karo a Samfurin Gini Yayin da Zane ke Sauyawa

Gano karo bincike ne da ake yi da kwamfuta domin a gano wuraren da sassan gini biyu ke neman zama a gurbi ɗaya, tun ginin yana zane, kafin a ɗaura rodi ko a zuba kankare. Ana yin sa a cikin tsarin BIM, inda mai zanen gini da injiniyan ƙarfin gini da injiniyoyin ruwa da wuta da sanyi kowa ke gina samfurinsa mai tsawo da faɗi da zurfi, sannan a haɗa su wuri guda. A wuraren gini na Legas, idan mai ɗaurin rodi ya ce "bim", gungumen kankaren da ke ɗauke da dekin yake nufi, kuma shi ake nufi a nan duk inda kalmar ta zo da ƙananan baƙaƙe.

Binciken farko ba shi da wuya, manhaja kan gama shi cikin mintuna. Wahalar tana zuwa ne daga bugu na biyu na zanen zuwa sama, domin zane ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma kowane sabon bugu yana iya rushe shawarar da aka riga aka yanke.

Ire-iren karo

Akwai karo na zahiri, inda abu ya ratsa abu, kamar bututun ruwa ya shige cikin ginshiƙi. Akwai karon tazara: abubuwan ba su taɓa juna ba, amma babu wurin buɗe ƙofar akwatin wuta ko zaro matatar na'urar sanyi. Akwai maimaici, wato abu ɗaya a samfuri biyu, wanda kan sa a ƙirga shi sau biyu a lissafin kaya. Wasu suna ƙara karon lokaci, inda jadawali ya haɗa ayyuka biyu a wuri ɗaya rana ɗaya.

Manhajoji da ƙa'idoji

Manhajar da ta fi yaɗuwa ita ce Navisworks, wadda kamfanin Autodesk ya saya a 2007, ana kuma yawan haɗa ta da Revit, manhajar zana samfurin gini. Solibri, wadda aka ƙirƙira a Finlan, ta fi ƙarfi wajen bincike bisa dokokin da aka gindaya mata. Idan kamfanoni suna aiki da manhajoji daban-daban, sukan haɗu a kan fayil na IFC, tsarin fayil na bai ɗaya da manhajoji daban-daban ke iya buɗewa, wanda ƙungiyar buildingSMART ke kula da shi a ƙarƙashin ƙa'idar ISO 16739. Ƙa'idar ISO 19650, wadda kashinta na ɗaya da na biyu suka fito a 2018, ta raba bayanan aiki zuwa matsayi huɗu: wanda ake kan yi, wanda aka raba wa abokan aiki, wanda aka tabbatar, da wanda aka adana. Samfurin da aka raba shi kaɗai ya kamata ya shiga bincike. Wanda aka karɓa ta WhatsApp daga hannun mai zane yana tsaka da gyara ba ya cikin lissafi, komai gaggawa.

Yadda sakamako ke sauya matsayi

A Navisworks kowane karo yana da ɗaya daga matsayi biyar, kowanne da launinsa: sabo ja ne, mai ci (wanda aka gani a baya kuma yana nan) ruwan lemo, wanda aka duba shuɗi, wanda aka amince da shi kore, warwararre kuma rawaya. Mutum ne ke sa shuɗi da kore. Sauran ukun manhaja kan sa su da kanta duk lokacin da aka sake gudanar da gwaji, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Manhajar tana gane karo ne ta lambobin shaidar abubuwa biyun da suka haɗu. Kowane abu a Revit yana da lambarsa, a IFC kuma lambar tana da baƙaƙe 22. Idan injiniya ya ja bututu ya matsar, lambar tana nan, tarihin karon ma yana nan. Idan ya goge bututun ya zana wani a daidai wurin, lambar ta sauya: tsohon karon zai koma rawaya kamar an gyara, wani ja ya fito a wurin, ba sunan wanda aka ɗora wa gyara, ba bayanin taron da aka yi a kansa. Shi ya sa kamfanonin da suka san aiki ke hana gogewa da sake zanawa sai dole.

Launin rawaya ma ba shaidar gyara ba ne. Abin da yake nufi kawai shi ne manhaja ba ta sake ganin abubuwan biyu a haɗe ba. Yana iya zama an gyara. Yana iya zama wanda ya fitar da fayil daga Revit ya zaɓi a fitar da abin da ake gani a allo kaɗai, alhali ya ɓoye bututan kashe gobara. Yana iya zama samfurin gaba ɗaya ya goce daga mazauninsa. Idan karo ɗari huɗu suka koma goma sha biyu a dare ɗaya, abin tuhuma ne, kuma kafin kowa ya yi murna sai an ƙirga abubuwan da ke cikin sabon fayil an gwada da na tsoho.

Kore ya fi rawaya haɗari. Karon da aka amince da shi a bugu na uku, saboda bututu mai milimita 50 zai bi ta kafar da aka tanada a bim, yana iya ci gaba da zama kore bayan an mayar da bututun milimita 110, tunda lambobin ba su sauya ba. Duk amincewa sai a rubuta dalilinta da girman abin da lambar bugun, a kuma sake duba korayen idan ɗaya daga samfuran biyu ya sauya. Wani ƙaramin kuskure da ke ɓata aikin mako guda shi ne danna gwaji sau biyu a jere: duk jajayen za su koma ruwan lemo, ba wanda zai iya bambance karon wannan mako da na watan jiya.

Misali daga ƙarƙashin silin

A ɗauki benen ofisoshi mai tazarar milimita 3600 daga hawa zuwa hawa, silin kuma yana kan 2700. Idan aka cire 50 na tayil da siminti a hawan sama, saura 850. Bim mai zurfin 450 ya bar 400, silin da ƙarafunansa suka ci 50, saura 350. Bututun iskar sanyi mai faɗin 600 da zurfin 250, da rufin hana zufa mai kaurin 25 sama da ƙasa, yana cin 300. Ya samu gurbi.

Sai mai gini ya ce a cire ginshiƙi ɗaya domin zauren taro ya buɗe. Injiniya ya mayar da zurfin bim 600. Gurbin ya koma 200. A allo, mafita mafi sauƙi ita ce a baje bututun ya zama 1000 da 150, tunda girman bakinsa bai ragu ba. Amma injiniyoyin sanyi ba sa son faɗi ya wuce zurfi ninki huɗu, wannan kuwa ya haura shida: iska za ta ƙara gogayya, ƙara za ta ƙaru, ƙarfen zai riƙa rawa, kuma faɗin 1000 zai ture tiren waya da ke gefe ya haifar da sabon karo. Abin da ya rage shi ne a raba bututun biyu, ko a sauke silin a wannan layin, ko a koma wa injiniyan ƙarfi. Idan ba a zana rufin hana zufa a samfurin ba, kamar yadda ake yawan yi, manhajar za ta raina matsalar da milimita 50.

Wajen yanke wa zai kauce, bututun ƙazanta ne ke da gaba, domin gangara yake bi. A gangarar 1 cikin 80, bututu mai tsawon mita 12 yana sauka milimita 150, a 1 cikin 40 kuma 300. Bayansa manyan bututan iska, sannan bututan ruwa masu matsi, sannan tiren waya da ƙananan bututai.

Tsarin zagaye ɗaya

Ana tsayar da rana guda a mako ko a mako biyu da kowa zai miƙa samfurinsa. Sunan fayil ba ya sauyawa daga bugu zuwa bugu, lambar bugun tana zama ne a rijista, domin fayil ɗin Navisworks na NWF da ke riƙe da gwaje-gwaje da tarihinsu yana bin sauran fayiloli da sunayensu. Kafin a sa sababbi, a ajiye fayil na NWD mai kwanan wata, shi ne hoton yadda abubuwa suke a ranar. Sai a duba mazauni da layukan ginshiƙai da tsayin hawa-hawa, a ƙirga abubuwa, sannan a gudanar da gwaji sau ɗaya. Rukunonin gwaji a gina su da sharaɗin nema, kamar "duk bututun ƙazanta", domin rukunin da aka tsince da hannu ba ya ɗaukar abin da aka ƙara daga baya. Iyakar sassauci, wato girman haɗuwar da manhaja za ta ƙyale, ko milimita 10 ce ko 25, ba a taɓa ta a tsakiyar aiki, in ba haka ba alƙaluman mako biyu ba za su gwadu ba.

Sakamakon sai an tattara shi. Tiren waya ɗaya da ya ratsa bim ashirin matsala ɗaya ce mai mutum ɗaya, kuma haka za a kai ta taro. Ana aika matsalolin ta fayil na BCF, wanda ke ɗauke da hoto da kusurwar kallo da lambobin abubuwan, ba tare da an tura samfurin duka ba.

Abin da ya keɓanta da Legas

A Lekki da Ikoyi da Biktoriya Ailan ruwa yana kusa da saman ƙasa, ginin ƙarƙashin ƙasa yana da tsada, gini kuma dole ya ɗauki janaretonsa da tankin dizal da matatar ruwan burtsatse, sau da yawa har da injin tace ƙazanta. Kaya sun yi yawa, wuri ya yi kaɗan. Yawancin na'urorin sanyi da lif daga waje ake shigo da su, kuma idan canjin kuɗi ya sa aka sauya nau'in na'ura, girmanta da bakin bututanta suna sauyawa, wanda shi ma sabon bugu ne ko da ba wanda ya kira shi haka. Akwai kuma batun mazauni: Legas tana shiyya ta 31 ta arewa a tsarin taswira na UTM, amma safiyo yana iya aiki da ma'aunin Minna wani kuma da WGS 84, bambancinsu a ƙasa yana kai mita ɗari ko fiye. Gyaran da ya taɓa tsayin gini ko yawan hawa yana komawa ga hukumar LASPPPA mai ba da izini, LASBCA kuma ita ke duba aiki mataki-mataki.

Gyaran da aka yi a samfuri ba ya isa wurin gini sai an fitar da sabon zane mai lambar bugu an janye tsohon daga hannun kafinta da mai ɗaurin rodi da fulamba. Kafofin bututu ana sa su ne kafin zubi, don haka binciken kowane hawa ya kamata ya rufe tun kafin a fara kafa katakon dekinsa. Idan kankare ya riga ya kama, ba a huda bim sai da rubutaccen izinin injiniyan ƙarfin gini, kuma dekin da aka ɗaure da wayoyin ƙarfe masu ja ba a sa masa injin huji sai an haska an gano inda wayoyin suka bi.