Maganin kansar huhu mai sauyin ALK idan ta dawo bayan tiyata

A wani nau'in kansar huhu, ƙwayar gado mai suna ALK ce ke yankewa ta manne da wata, sai ta riƙa tunzura ƙwayoyin jiki su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Masana a Japan ne suka gano wannan a 2007. Ana samunsa a kusan kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nau'in kansar huhu da ya fi yawa, galibi a masu ƙarancin shekaru da waɗanda ba su taɓa shan taba ba. Wasu ƙwayoyin gadon masu suna ROS1 da RET ma kan yi irin wannan sauyi.

Bayan an yanke ƙullin kansar, cutar kan dawo. Wani lokaci ba ta bazu sosai ba, sai ta ɓullo a wuri ɗaya zuwa biyar: ragowar huhu, kaluluwar ƙirji, ƙashi, ko ƙwaƙwalwa, wadda mai ALK ta fi son zuwa. A nan ne likitoci ke bin kowane wuri su kashe shi. Ko a sake tiyata, ko a yi gashi da haske mai ƙarfi (radiyeshon) da ake auna shi daidai kan ƙullin, sau 1 zuwa 5 kacal, ko a soka allura a ƙone shi da zafi. A ƙwaƙwalwa an fi son gasa ƙullin kaɗai a bar sauran ƙwaƙwalwar, don kada a taɓa tunanin mutum.

Wannan ba ya maye gurbin ƙwayoyin sha irin su alectinib da lorlatinib, domin abin da hoto bai nuna ba yana iya kasancewa a jini. Amfaninsa shi ne, idan wuri guda ya bijire, a kashe shi, majinyaci ya ci gaba da maganin da ke masa aiki. A 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a sha alectinib bayan tiyata don rage dawowar cutar.

A Kaduna, inda aka saba ɗaukar tari mai daɗewa a matsayin tarin fuka, jinkiri ne babban abin tsoro. Wanda aka yi wa tiyata bai kamata ya tsallake hoton CT na bibiya ba ko da yana jin garau, kuma sabon ciwon kai ko farfaɗiya na buƙatar hoton MRI nan take. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, yana da sashen yi wa masu cutar kansa gashi da haske, kuma ya kamata majinyaci ya riƙe sakamakon gwajin ƙwayar gadonsa duk inda za shi.