Gidan cin abincin unguwa da al'adar giya a Beljiyam

Gidan cin abincin unguwa a Beljiyam wani ɗan wuri ne da ya haɗa gidan abinci da mashaya, galibi a kusurwar layi, inda mutanen unguwa ke cin abincin gargajiyar ƙasar ana haɗa musu da giyar da ta dace da shi. Masu jin Faransanci a Brussels da kudancin ƙasar suna ce masa estaminet ko brasserie, su kuma 'yan arewa masu yaren Flemish sukan ce eetcafé, wato shagon shan da ake cin abinci, in kuma tsoho ne wanda katakonsa da bangonsa suka yi duhu saboda shekaru da hayaƙin taba sai su ce bruin café. A irin waɗannan wurare giyar ba gefe take ba, ana sha kuma ana dafa abinci da ita, shi yasa da wuya a yi bayanin ɗaya a bar ɗaya. A ƙarshen watan Nuwamban 2016 hukumar UNESCO, a zamanta na Addis Ababa, ta saka al'adar giyar Beljiyam cikin jerin al'adun duniya da ake gado, inda aka ambaci cewa ƙasar na da nau'in giya kusan 1,500.

Tarihi

Tun kafin a samu ƙasa mai suna Beljiyam a 1830 garuruwan yankin suna da masu dafa giya da ƙungiyoyinsu, har yanzu gidan ƙungiyar masu giya na nan a babban dandalin Grand-Place na Brussels. Kamfanin da ke yin Stella Artois a garin Leuven yana danganta kansa da wani gidan giya mai suna Den Hoorn da aka ce sunansa ya bayyana a takardu tun 1366, amma ita Stella ɗin kanta sai 1926 ta fito. A wajajen 1900 ƙasar na da gidajen dafa giya sama da 3,000, kusan kowane ƙauye da nasa, wani ma biyu ko uku, kuma mashayar unguwa giyar maƙwabcinta take sayarwa don babu abin da zai sa a ɗauko ganga daga nesa. Yaƙin duniya na ɗaya ya karya wannan tsarin, sojojin Jamus sun kwashe tukwanen jan ƙarfe na masu dafa giya don yin kayan yaƙi, da yawa ba su sake buɗewa ba, yaƙi na biyu ya ƙara, sannan farar giya mai sauƙi da ake kira pils ta zo ta cinye kasuwa. Zuwa ƙarshen ƙarni na 20 abin da ya rage bai fi ɗari da 'yan kai ba, sai daga baya ƙananan masu dafawa suka sake yawaita.

Akwai wata doka da ba a rabuwa da ambatonta. A 1919 ministan shari'a Emile Vandervelde, ɗan gurguzu ne da ke ganin barasa mai zafi irin jenever na halaka ma'aikatan masana'antu da albashinsu, ya sa aka hana sayar da irin wannan barasa a mashaya, dokar kuma ta kai har farkon shekarun 1980 kafin a soke ta. Giya dai ba a hana ba. Da yawa na cewa wannan ne ya sa masu dafawa suka koma yin giya mai ƙarfi don cike giɓin, wasu masu tarihi na ganin an zuzuta tasirin dokar.

Giyar sufaye

Sashen da aka fi rubutu a kai shi ne na sufayen Kirista 'yan ɗariƙar Trappist, waɗanda ƙa'idarsu ita ce su ci da gumin kansu. Gidan ibada na Westmalle ya fara dafa giya a 1836, na Westvleteren wajen 1838 ko 1839, Chimay a 1862, Orval kuma a 1931 lokacin da suke neman kuɗin sake gina gidan da ya rushe tun zamanin juyin juya halin Faransa. Akwai kuma Rochefort. Westmalle ne ya fito da giyarsa ta tripel a 1934, fara ce mai ƙarfi, ita da dubbel mai duhu suka zama sunayen da kowa ke kwaikwayo. A 1997 aka kafa ƙungiyar da ke ba da tambari mai kusurwa shida mai nuna giyar Trappist ta asali, sharaɗin shi ne a dafa giyar a cikin harabar gidan ibadar, sufaye ne ke sa ido, ribar kuma ta tafi ga ɗawainiyar gidan da sadaka. Achel ya rasa tambarin a 2021 bayan sufayensa na ƙarshe sun bar wurin, saura biyar kenan a Beljiyam. Westvleteren su kam ba ruwansu da kasuwa, kaɗan suke yi, yawanci sai mutum ya yi rajista a intanet an ba shi rana ya je ƙofar gidan da mota ya ɗauka, kuma suna roƙon kada a sake sayarwa. Giyar da ake kira ta abbey, irin su Leffe, sunan gidan ibada ne kawai a jiki, kamfani ke yi.

Lambic

Wannan ita ce giyar Brussels da yankin Pajottenland da ke kudu maso yammacin birnin, a kwarin kogin Senne. Ba a zuba mata yis. Ana dafa ruwan sha'ir da alkama da tsohon furen hops (tsiron da ke ba giya ɗaci da ƙamshi), a juye shi da zafinsa cikin wani faffaɗan tire na jan ƙarfe a saman bene, a bar tagogi a buɗe ya kwana yana hucewa, ƙwayoyin da ke cikin iska da katakon ɗakin su suke faɗawa su tsima shi, shi yasa sai lokacin sanyi ake yi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Daga nan sai ganga ta katako, shekara ɗaya zuwa uku. In aka gauraya sabuwa da tsohuwa aka rufe a kwalba ta sake tsima ita ce gueuze, in an zuba 'ya'yan ceri kriek kenan, mai sukari kuma faro. Tsami gare ta sosai, wanda ya san yadda burkutu ko fito ke yin tsami da kansa ba tare da an sa masa komai daga kanti ba zai gane inda aka dosa. Gidan Cantillon da ke unguwar Anderlecht a Brussels, wanda aka kafa a 1900, har yau haka yake yi kuma ya zama gidan tarihi da baƙi ke shiga.

Farar giyar alkama ta garin Hoegaarden ta mutu a 1957 da aka rufe gidan dafawa na ƙarshe, wani mai sayar da madara Pierre Celis ya farfaɗo da ita a tsakiyar shekarun 1960. Amma abin da talaka ke sha kullum pils ne, musamman Jupiler.

Abinci

Takardar abincin gajeriya ce, sau da yawa da alli ake rubuta na ranar a allo. Wanda ya fi shahara shi ne stoofvlees, ko carbonnade a Faransanci, naman sa ne da albasa mai yawa a dafa cikin baƙar giya a wuta kaɗan kaɗan na awanni, sai a shafa mustad a yankan burodi a kifa a saman tukunyar, burodin ya narke ya kaurara romon. Sai moules, wani naman ruwa ne mai baƙin ɓawo biyu, yawanci daga Zeeland ta ƙasar Holan ake kawo shi, ana kawo wa mutum a baƙar tukunyar da aka dafa shi, murfin ya zama wurin zuba ɓawo, kuma 'yan gari ba sa wahala da cokali mai yatsu, ɓawon farko da suka cinye shi suke mayarwa hantsaki suna ciro sauran. Akwai waterzooi na garin Ghent, farfesun kaza ko kifi mai madara, akwai zomo da aka dafa da gueuze ko kriek, akwai stoemp wato dankalin turawa da aka kirɓa da ganye ko karas, da dunƙulen nama na Liège mai miya mai zaƙi. Filet américain ɗanyen niƙaƙƙen naman sa ne, baƙo ya kan ruɗu da sunan.

Kusan komai da soyayyen dankali yake zuwa, suya biyu ake masa, ta farko a wuta mai sauƙi ta biyu a mai zafi, a al'ada da kitsen sa, a ci da mayonis. Asalinsa kam ana jayayya da Faransa. Labarin cewa mutanen Namur ne suka fara soya shi wajen 1680 da kogin Meuse ya daskare suka rasa kifi, masana tarihin abinci da dama ba su yarda da shi ba, sun fi karkata ga masu suyar titi na Paris.

Yadda ake zama

Kowace giya da kofinta mai ɗauke da sunanta, kuma kawo Orval a kofin Chimay abin kunya ne ga mai shago, wani har haƙuri zai ba ka in kofin ya ƙare. Ana ɗauraye kofin da ruwan sanyi, a zuba a karkace, kumfar da ta haura a share ta da wata wuƙa marar kaifi. A Flanders, wato arewacin ƙasar, mutum kan ɗaga ɗan ƙaramin yatsansa daga nesa, ma'ana a kawo pintje, ƙaramin kofin pils. A mashayar Dulle Griet da ke Ghent akwai wani dogon kofi da sai ka ba da takalminka ƙafa ɗaya jingina, a sa a kwando a ja shi sama, in ka dawo da kofi a sauko maka da shi, saboda masu yawon buɗe ido sun addabi mashayu da satar kofuna. Abin taɓawa shi ne cuku yanka-yanka da mustad. Kuɗin hidima na cikin lissafi, ruwan sha kuma yawanci na kwalba ne ake saye, sannan kicin kan rufe tsakanin abincin rana da na dare. An hana shan taba a duk mashayu tun 1 ga Yulin 2011.

Doka ta yarda a sayar wa ɗan shekara 16 giya, barasa mai zafi sai 18. Tunda wasu giyoyin kan kai kashi 8 zuwa 11 cikin ɗari, giyar Duvel ma 8.5 ce, a 1995 aka fara gangamin Bob, wato mutum ɗaya cikin abokai da ba zai sha ba don shi zai tuƙa.

Halin yanzu

Mashayun unguwa na raguwa, musamman a ƙauyuka. Babban kamfanin giya na duniya AB InBev a Leuven hedikwatarsa take, shi ne kuma ke da International Breweries a Najeriya. Ga Musulmi, waɗanda ke da yawa a Brussels tun yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Maroko da Turkiyya a 1964, matsalar ba a kofi kaɗai take ba tunda stoofvlees da zomon da giya ake dafa su, dunƙulen naman kuma sau da yawa da alade a ciki, don haka akwai shagunan soyayyen dankali da gidajen abinci na halal birjik a unguwanni irin su Molenbeek da Schaerbeek. A Matonge kuma, unguwar 'yan Kongo da ke Ixelles, kazar moambe mai miyar kwakwar manja ita ce abincin unguwa.