Ɗumama ɗaki ta ƙarƙashin daɓe

Ɗumama ɗaki ta ƙarƙashin daɓe hanya ce ta korar sanyi daga gida, inda ake shigar da zafi ta ƙasa har daɓen ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, ya riƙa sakin ɗumi a hankali. A zamanin da, hayaƙin murhu ake bi da shi ta ramuka ƙarƙashin daɓe. Yanzu bututun ruwan ɗumi ko wayar lantarki ake binnewa. Abin da ya bambanta ta da sauran hanyoyi shi ne faɗin wurin da zafin ke fitowa: tunda daɓen duka ne ke aiki, ba sai ya yi zafi can ba kafin ɗaki ya ɗumama.

Gabashin Asiya

A yankin Koriya an daɗe ƙwarai ana amfani da wannan fasaha ba tare da yankewa ba. Sunanta a can ondol, wasu kuma suna cewa gudeul. Masu tonon kayan tarihi sun gano ragowar ramukan hayaƙi a arewacin yankin tun kafin Miladiyya, amma ba su daidaita a kan shekarun mafi tsufa daga ciki ba.

Ginin yana da hikima ƙwarai. Ana gina murhu a wajen ɗakin, galibi a madafa, ƙasa da matakin daɓe. Wutar da ake girki da ita ce ke ɗumama ɗakin, domin hayaƙinta yana shiga wasu dogayen ramuka da aka rufe da falalen duwatsu, ya ratsa ɗakin daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ya fita ta dogon bututun hayaƙi a ɗaya ɓangaren. A kan duwatsun ana shafe laka, a bi ta da takarda mai kauri da aka jiƙa da mai, don kada hayaƙi ya ɓullo. Duwatsun suna shan zafi lokacin girki, su yi ta sakinsa cikin dare bayan wuta ta mutu. Gefen da ke kusa da murhu ya fi ɗumi, shi ya sa ake barin sa ga tsofaffi da baƙi. Ana danganta al'adar Koriyawa ta zama da cin abinci da kwanciya a ƙasa, da cire takalmi a bakin ƙofa, da wannan daɓe mai ɗumi. Ana ganin sai wajen ƙarni na 17, a zamanin daular Joseon, ondol ya game gidajen talakawa da na masu mulki, kuma yawan itacen da yake ci ya taimaka wajen ƙarar da dazuzzuka. A ƙarni na 20 aka koma ƙona curin kwal, wanda ya jawo asarar rayuka da yawa saboda iskar kabon monoksayid da ke bi ta tsagar daɓe ta shaƙe masu barci. Daga baya bututun ruwa ya maye gurbin ramin hayaƙi, kuma yau kusan duk gidajen Koriya ta Kudu da shi ake gina su. A 2018 ƙasar ta sanya al'adar ondol cikin kayan gadonta na ƙasa.

A arewacin Sin akwai kang, wani dandamalin tubali da hayaƙin madafa ke ratsawa, ana zama a kai da rana, a kwana a kai da dare.

Rum da bayanta

Rumawa suna da nasu tsarin da ake kira hifokaust, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙonawa daga ƙasa. Marubutansu sun danganta shi ga wani attajiri, Sergius Orata, wajen farkon ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya, sai dai akwai shaidar cewa an riga shi. Ana jera gajerun ginshiƙan tubali a ɗora daɓe a kansu, iska mai zafi daga murhu ta riƙa kewaya tsakaninsu, wani lokaci ta haura ta tubala masu rami a cikin bango. Wani maginin Rum mai suna Vitruvius ya bayyana yadda ake yin sa, har da tsayin ginshiƙan, wato ƙafa biyu. Har yanzu ana iya ganin irin waɗannan ginshiƙai a gidajen wanka na Pompeii a Italiya da na Bath a Ingila. Tsari ne mai cin itace, mai buƙatar wanda zai tsare wuta dare da rana, don haka bai wuce gidajen wanka na jama'a da gidajen masu hali ba.

Bayan faɗuwar Rum ta yamma ya ja baya a yawancin Turai, amma bai mutu ba. Gidajen wanka na ƙasashen Musulmi sun riƙe shi, kamar yadda ake gani a Ƙusair Amra da ke Urdun, ginin Banu Umayya na ƙarni na 8. A yankin Kastiya na Sipaniya kuma wani nau'insa mai suna gloria ya kawo har ƙarni na 20.

Zamanin bututu

A farkon ƙarni na 20 injiniyoyi a Birtaniya suka fara binne ƙananan bututun ruwan zafi a bango da rufi da daɓe. Maginin Amurka Frank Lloyd Wright ya ba da labarin yadda ya fara jin daɗin daɓe mai ɗumi a wani ɗaki irin na Koriya a Tokiyo, kuma a 1937 ya sa bututun ɗumamawa ƙarƙashin daɓen gidan iyalan Jacobs a birnin Madison na Amurka. Daga 1947 aka gina dubban gidaje a Levittown ta jihar New York da bututun jan ƙarfe cikin kankare. Da shekaru suka ja, bututun suka fara yoyo, gyara kuma sai an fasa daɓe, mutane da yawa suka haƙura da tsarin.

A Turai wata matsalar ce daban. Gidajen bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba sa riƙe zafi, sai aka riƙa tura ruwa mai zafi sosai, daɓe ya yi zafin da mazauna ke kukan kumburin ƙafa. A 1978 Faransa ta hana zafin daɓe ya haura digiri 28 a ma'aunin Selsiyas. Abin da ya farfaɗo da tsarin shi ne bututun roba mai ƙarfi da ake kira PEX, wanda Bajamushe Thomas Engel ya samo hanyar sarrafa shi a shekarun 1960. Ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa, kuma ana iya shimfiɗa shi a ɗaki ba tare da mahaɗa ko ɗaya ta shiga cikin siminti ba.

Yadda ake girka na ruwa

Ana fara da shimfiɗa allunan kumfa mai tauri a kan kankare, domin su tare zafi kada ya zurare ƙasa. Wannan shi ne matakin da bai kamata a yi masa rowa ba, don in ya gaza babu gyara bayan an zuba siminti. A gindin bango kuma ana kewayawa da siririn soso, saboda daɓe yana buɗewa idan ya ji zafi.

Bututun da aka fi amfani da shi mai faɗin milimita 16 ne, ana jera shi da tazarar santimita 10 zuwa 30, ko dai kai da kawo, ko a nannaɗe kamar dodon koɗi. Na biyun ya fi raba zafi daidai, domin bututun da ke kawo ruwa yana gefen wanda ke mayar da shi. Kowane zagaye ba a cika barin sa ya wuce mita 100 ba, kuma dukkansu suna haɗuwa a wata mararraba da ke jikin bango, inda ake daidaita ruwan kowane ɗaki. Kafin a rufe, ana cika bututun a matsa shi don a gano yoyo, a kuma bar shi a matse yayin zuba siminti. Kaurin simintin yakan kai milimita 65 zuwa 75. Sai ya yi aƙalla kwana 21 kafin a fara kunna ɗumi, a fara da digiri 20 zuwa 25 na kwana uku sannan a ƙara. Gaggawa a nan tana tsaga daɓe.

Ruwan yakan kasance tsakanin digiri 30 da 45, alhali radiyeton bango na gargajiya, wato allon ƙarfen da ruwan zafi ke ratsawa don ɗumama ɗaki, yana buƙatar 60 zuwa 80. Wannan ne ya sa tsarin ya dace da na'urar da ke janyo zafi daga iska ko ƙasa, wadda ta fi aiki da kyau idan ba ruwa mai zafi can ake buƙata ba. Ƙa'idar Turai ta EN 1264 ta tsayar da zafin saman daɓe a digiri 29 a wurin zama, 33 a banɗaki, 35 a gefen bango.

Na lantarki

Waya ce mai zafi da aka ɗinke a jikin raga, ana shimfiɗa ta ƙarƙashin tayil. Tana jan wat 100 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Ba a yanke wayar, ba a ɗora wata kan wata, kuma dole a haɗa ta da makashin da ke yanke wuta idan ta zuba. Girkawa ba wuya, kuɗin wuta ne ke da yawa, shi ya sa aka fi sa ta a banɗaki da ƙananan ɗakuna.

Abin da ake shimfiɗawa a sama

Tayil da dutse sun fi kowanne isar da zafi. Katako yana yi muddin zafin bai wuce digiri 27 ba. Kafet mai kauri yana danne ɗumin.

Saɓani

Ana yawan cewa tsarin yana rage kuɗin makamashi. Masu bincike sun saɓa a kan adadin, domin ya danganta da yadda gidan ke riƙe zafi da abin da ke dafa ruwan. Abin da ba a jayayya a kai shi ne jinkirinsa: daɓe mai kauri yakan ɗauki sa'o'i kafin ya ɗumama, ya ɗauki wasu sa'o'in kafin ya huce.