Karkarwar gaban motar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu

Karkarwar gaba ita ce jijjigar da direba ke ji a sitiyari, ko a ƙarƙashin ƙafarsa, idan wani abu mai juyawa a gaban mota ya rasa daidaito, ko wani haɗin ƙarfe ya saki. A motar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, irin su Toyota Hilux da Mitsubishi L200 da Ford Ranger, gano asalinta yana da wuya, domin ƙafafun gaba aiki biyu suke yi: su ne ke karkata mota, su ne kuma ke karɓar ƙarfin inji idan an sa giyar fowil, wato giyar da ke sa ƙafafu huɗu duka su ja mota.

A Zariya irin waɗannan motoci sun yawaita a hannun ma'aikatan gona, da 'yan kwangila, da jami'an tsaro, da masu kai kaya kasuwannin Giwa da Soba da Makarfi. Mota ɗaya sai ta kwana cikin lakar hanyar burji da damina, gari ya waye ta hau babban titin Kaduna zuwa Kano da gudun kilomita 100 a awa. Wannan sauyi ne ke fito da matsalar fili.

Lokacin da take zuwa

Ƙwararren bakanike ba ya fara ɗaga mota sai ya tambayi direba yaushe take karkarwar. Amsar ita ce rabin aikin. Idan mota na tsaye, inji na aiki, ana jin jijjiga, to ba ruwan ƙafafu. Sai a duba robobin da inji ke zaune a kansu, ko kuma injin kansa ne ba ya ƙona mai daidai. Idan sai ana tafiya take zuwa, akan nemi miƙaƙƙiyar kwalta da ba cunkoso, a kai motar gudun da take karkarwar, a taka kuloci na ɗan lokaci. Jijjigar da ta ci gaba bayan an raba inji da giya ta ƙafafu ce ko ta furofela, wato dogon ƙarfen da ke juyawa a ƙarƙashin mota yana kai ƙarfin inji daga giya zuwa aksul.

Saurin jijjigar ma shaida ne. Taya mai lamba 265/65R17, wadda ake yawan gani a Hilux, kewayenta ya kusa mita 2.44, saboda haka a gudun kilomita 100 tana juyawa wajen sau 11 a daƙiƙa. Wannan girgiza ce da ido ke iya gani a sitiyari. Furofela kuwa ta ninka taya sauri wajen sau uku da rabi zuwa huɗu, gwargwadon haƙoran aksul, don haka tata jijjigar takan zo kamar gurnani a daɓen mota da kujera.

Taya da rim

Nan ne akasari laifin yake, nan ne kuma gyara ya fi araha. Taya mara daidaiton nauyi kamar fankar silin ce da fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe: a hankali lafiya lau, da an ƙara gudu sai rawa. Alamarta ita ce karkarwa ta fara tsakanin kilomita 80 zuwa 110, wani lokaci ta ragu idan an wuce haka. Kafin a kai ga injin balansin ya kamata a leƙa bayan rim. Jar lakar da ta bushe ta manne a gefe ɗaya ta isa ta girgiza sitiyari, kuma ruwa kawai take buƙata. Haka nan ɗan darman da aka maƙala a bakin rim yakan fita idan an faɗa rami, ko mai faci ya cire shi wajen zare taya bai mayar ba.

Akwai abin da balansin ba ya gyarawa. Rim da ya lanƙwashe, ko tayar da wayoyin cikinta suka rabu da roba har ta yi ƙulu, za su ci gaba da tsalle ko da inji ya nuna sifili. Irin wannan takan bayyana tun a ƙaramin gudu, sitiyari na kaɗawa dama da hagu a hankali. Ana ɗaga ƙafar da jak, a juya ta da hannu, a kafa alli ko sukudireba kusa da ita, a ga ko tazarar na canzawa. Tayoyin gwanjo sun fi shiga wannan hali. Lambobi huɗu na ƙarshe a hatimin DOT da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Gwaji mafi sauƙi shi ne a mayar da tayoyin gaba baya. Idan jijjigar ta bar sitiyari ta koma kujera, an kama mai laifi.

Da yawa daga direbobi alaimen, wato saita tsayuwar ƙafafu, suke fara nema. Wannan kuɗi ne da ake yawan zubarwa a banza, domin rashin alaimen jan mota yake yi gefe ɗaya, ya cinye bakin taya, ba kasafai yake kawo karkarwa da kansa ba.

Birki da haɗe-haɗen ƙafa

Karkarwar da ba ta zuwa sai an taka birki daga faifan birki take, idan kaurinsa ya daina zama ɗaya ko ya zauna a karkace saboda tsatsa ko ɗaure noti ba bisa ƙa'ida ba. Sau da yawa har a fedal ake jin bugunta.

Don duba haɗe-haɗe, ana ɗaga ƙafa a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Motsi a nan na nuna boris ko bol join. A kama ta dama da hagu. Motsi a nan na tayarod ne ko na rak ɗin sitiyari. Boris da ya mutu yakan yi kuka mai ƙaruwa da gudu, wanda ke canza murya idan an karya kwana. Sakakkun haɗe-haɗe da matattun bushin da shokoba ba su cika haifar da jijjiga ba, ƙara mata ƙarfi suke yi, shi ya sa ake canza su ta ragu amma ba ta tafi ba. Motoci masu aksul guda a gaba, irin a-kori-kurar Land Cruiser 79, sun fita daban: a cikinsu sakin haɗi kan sa sitiyari ya kama fizga da ƙarfi bayan an daki rami, ba ya lafawa sai an rage gudu sosai. Wannan hatsari ne, ba a ci gaba da tafiya da shi.

Ɓangaren fowil

Mafi yawan waɗannan motoci da ƙafafun baya suke tafiya a giyar 2H, sai an sa giyar fowil, wato 4H ko 4L, ƙarfi ke zuwa gaba. Idan jijjiga ba ta bayyana sai a 4H, a duba kuros, wato gaɓar da ke lanƙwasawa, na furofelar gaba da shaf biyu da ke shiga ƙafafu. Shaf yana da gwiwa biyu a cikin rigar roba mai cike da giris. Da robar ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga, gwiwar ta fara ci. Ta waje ƙas-ƙas take yi a kwana. Ta ciki girgiza take kawowa idan an ba mota wuta, ta lafa idan an saki totur. Giris da ya fantsama a bayan rim shi ne shaidar farko.

Ba kowace jijjigar fowil ce lalacewa ba. Yawancin waɗannan motoci ba su da difarenshal a tsakiya, wato haƙoran da ke barin gaba da baya su juya da sauri daban-daban, don haka a 4H furofelar gaba da ta baya dole su juya da sauri ɗaya. A yashi ko laka taya kan ɗan zame ta sauke bambancin. A busasshiyar kwalta babu wannan dama, sai mota ta riƙa ƙagewa tana tsalle a kwana, giyar ma ta ƙi fita. Direban da ya fito daga hanyar ƙauye ya manta bai mayar da ita 2H ba yakan gamu da haka tun kafin ya kai Kwangila a Zariya. Haɗa tayoyi masu girma daban-daban gaba da baya ma yana jawo irin wannan ƙagewa, ko da a miƙaƙƙiyar hanya.