Auna Kabon da Lambun Itatuwa Ke Zuƙa: Tambayoyi da Amsoshi

A Sifen ana auna iskar kabon (carbon dioxide) da gonakin zaitun na ban-ruwa ke zuƙa. Mu da ke Kadawa ko Haɗeja, ina ruwanmu?

Zaitun sai ya sha sanyi mai tsawo kafin ya yi fure sosai, shi ya sa bai karɓi ƙasarmu ba. Amma lissafinsa shi ne na mangwaro da gwaba. Can yankin Andalus masu bincike kan kafa doguwar hasumiya mai na'ura a saman itatuwa, tana ƙididdige iskar kabon da ke shiga da fita dare da rana. Mai lambu a nan, tef ɗin tela da ɗan fenti sun wadace shi.

To yaya ake yi?

A zagaya kututturen da tef a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a ɗiga fenti a wurin. Idan mangwaron ya rabu biyu tun kafin nan, kamar yadda zaitun ma ke yi, a auna ƙasa da mararrabar. A ce an samu santimita 94. Raba da 3.14, kauri ya zama 30. Ninka 30 sau 30, sau tsawon bishiyar (a ce mita 8), sau 0.55 na nauyin icen mangwaro, sannan sau 0.055, ma'aunin da masu bincike suka fitar. Za a samu kusan kilo 218 na busasshen ice. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda saiwa, ya kai 272. Kashi 47 cikin ɗari na wannan shi ne kabon, wato kilo 128; a ninka da 3.67, iskar kabon kusan kilo 470 ke nan.

Kiyasi ne fa, domin daga itatuwan daji aka samo ma'aunin, ba waɗanda ake sassaƙe wa rassa ba.

Ke nan abin da bishiyar ke zuƙa a shekara kilo 470 ne?

A'a, nan mutane ke tuntuɓe. Wannan ajiyar duk rayuwarta ce. Sai an koma baɗi, a watan da aka yi awon farko, kan fentin nan, an sake awo. Bambancin shi ne na shekara. Wanda ya matsar da tef da taƙi guda ya ɓata lissafin.

Dabino fa, irin na Dutse?

Shi ba ya ƙara kauri, sama yake yi. Tsawon kututture ake bi.

Ban-ruwa na ƙara yawan abin da ake zuƙa?

Yana ƙarawa, tunda ganye ba ya tsayawa da aiki da rani. Sai dai jiƙaƙƙiyar ƙasa ma tana saurin ruɓar da ganye, kabon ya koma sama. Ga kuma injin ban-ruwa: kowace lita ta fetur tana fitar da kusan kilo 2.3, ta gas (dizal) kuwa 2.7. Lita 200 na fetur a rani ɗaya kilo 460 ne, kusan ajiyar mangwaron can gaba ɗaya. Rassan da aka kai murhu da 'ya'yan da aka loda wa mota zuwa 'Yan Lemo su ma ba sa shiga lissafin ajiya.